LITTAFIN THIRTEEN DAYS A BISA MA'AUNI: TARKEN SHAIDAR BAKA DA TA TASKA A TARIHIN RIKICIN KYUBA NA 1962

1.0 GABATARWA

Maƙasudin wannan takarda shi ne a ɗora littafin Robert Kennedy mai suna Thirteen Days, watau "Kwana Goma Sha Uku", a bisa ma'auni, tare da shaidar da sauran muƙarraban Shugaba John Kennedy na Amurka suka bayar game da rikicin Kyuba na watan Oktoba 1962. Ma'aunin kuwa shi ne faya-fayan maganar da aka ɗauka a asirce a fadar shugaban ƙasa, da takardun da aka buɗe daga bisani a Amurka da Rasha. An zaɓi wannan rikici ne domin da wuya a sami wani al'amari a tarihin mulki wanda shaidu iri uku suka taru a kansa kamar wannan. Ga abin da mahalarta suka rubuta, ga abin da suka faɗa da baki bayan shekaru, ga kuma muryoyinsu a ainihin lokacin da su ke shawara. Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa a nan shi ne, daɗin waƙar ba ya tabbatar da gaskiyarta. Darajar kowace shaida, ta baka ce ko ta taska, tana rataye ne ga tambayoyi biyu: wa ke riƙe da ita, kuma an taɓa gurfanar da ita gaban wata shaidar da ke iya ƙaryata ta?

2.0 INDA SHAIDUN SUKA FITO

Tun daga zamanin George Washington, al'adar Amurka ita ce takardun shugaban ƙasa mallakarsa ne. In ya sauka sai ya kwashe abinsa, magada su adana, ko su sayar, ko su ƙona. Franklin Roosevelt ne ya fara sauya wannan hali, da ya gina ɗakin ajiya a Hyde Park, wanda aka buɗe cikin 1941, ya miƙa wa gwamnati shi da takardunsa. Wata doka ta 1955 ta mai da wannan tsari abin bi. Amma duk da haka kyauta ce a ke yi, mai kyauta kuwa shi ke gindaya sharaɗin abin da za a buɗe da abin da za a rufe. Sai bayan abin kunyar nan na Watergate Majalisar Dokoki ta hana Richard Nixon tafiya da faya-fayansa cikin 1974, sa'an nan cikin 1978 ta kafa dokar da ta mai da takardun aikin shugaba mallakar al'umma. Dokar ta fara aiki ne a kan gwamnatin Ronald Reagan cikin 1981. Ke nan kayan Kennedy a ƙarƙashin tsohuwar al'ada su ke, kuma shekara da shekaru iyalinsa da aminansa ke da ta cewa a kansu.

Ta fuskar tarihin baka kuwa, Allan Nevins ne ya kafa masa ofishi a Jami'ar Columbia cikin 1948. A tsarin farko, rubutaccen kwafin hirar shi a ke ɗauka asali. Mai magana yana da damar ya gyara shi, ya kuma sa lokacin da za a buɗe, har ma a kan goge faifan a sake amfani da shi. Aikin tattara tarihin baka na zamanin Kennedy ya fara cikin 1964, 'yan watanni bayan kisan da aka yi masa cikin Nuwamba 1963. Ƙasa na cikin makoki, masu tambaya da yawa kuma abokan aikin masu amsawa ne. Wanda ya san fada ya san irin labarin da bafade ke bayarwa a ranar ta'aziyyar ubangidansa.

Shaida ta uku ita ce faya-fayai. Cikin tsakiyar 1962 Kennedy ya sa an ɓoye na'urar ɗaukar magana a ofishinsa da ɗakin taron ministoci, ya kuma bar kimanin sa'o'i 260 na tarurruka da wayar tarho. Jama'a ba su san da su ba sai cikin Yuli 1973, bayan da Alexander Butterfield ya tona asirin na Nixon a gaban kwamitin Majalisar Dattawa. Na kwanakin rikicin Kyuba kuwa ba a gama sakinsu ba sai cikin 1996 da 1997.

3.0 ABIN DA LITTAFIN YA CE

Ga yadda rikicin ya kasance a taƙaice. Ran 14 ga Oktoba 1962 jirgin leƙen asiri ƙirar U-2 ya ɗauko hoton wuraren da Tarayyar Sobiyet ke girke makamai masu linzami na ƙare-dangi a Kyuba. An sanar da Kennedy ran 16, ya kafa kwamitin mashawarta. Ran 22 ya shaida wa duniya cewa zai datse hanyar teku ga jiragen da ke kai makamai tsibirin. Ran 26 Nikita Khrushchev ya aiko da wasiƙar asiri, yana neman alkawarin ba za a mamaye Kyuba ba. Kashegari sai ya ƙara wani sharaɗi a fili ta Rediyon Mosko, cewa ita ma Amurka ta kwashe makamanta ƙirar Jupiter daga Turkiyya. A wannan rana aka harbo wani U-2 a Kyuba, matuƙinsa Manjo Rudolf Anderson ya mutu. Ran 28 Khrushchev ya ba da sanarwar janye makamansa.

Robert Kennedy, ƙanen shugaban kuma Ministan Shari'a, ya tsara littafinsa cikin 1967 daga abin da ya rubuta a kundinsa da abin da ya tuna. An kashe shi cikin Yuni 1968 yana neman takarar shugabancin ƙasa, ba tare da ya kammala gyara ba. Theodore Sorensen, marubucin jawaban marigayi shugaban, shi ya shirya shi, aka buga cikin 1969. Ba a raina littafin ta fuskar salo. Jimlolinsa gajeru ne, ba ado, suna ɗauke da mai karatu daga wannan taro zuwa wancan cikin fargaba, kuma nasiharsa ta ƙarshe, cewa mai mulki ya riƙa auna al'amari ta idon abokin gabarsa, nasiha ce mai tsada. Wannan sauƙin salo shi ya sa aka yarda da shi, har ya zama abin karantarwa a jami'o'i, manazarta irin su Graham Allison a littafinsa na 1971 suka jingina da shi.

Abubuwa uku littafin ya dasa a zukatan masu karatu. Na farko, cewa marubucin na cikin waɗanda suka tsaya tun farko a kan kada a kai harin ba-zata, domin hakan zai yi kama da abin da Japan ta yi a Pearl Harbor cikin 1941. Na biyu, cewa shi ya kawo dabarar a yi watsi da wasiƙar Khrushchev ta biyu a amsa ta farko, kuma wannan dabara ce ta kashe wutar. Na uku, cewa da ya gana da jakadan Sobiyet, Anatoly Dobrynin, a daren 27 ga wata, ya gaya masa ba za a yi musaya a kan makaman Turkiyya ba, ko da ya ke ya nuna masa cewa da ma ana da niyyar kwashe su nan gaba.

4.0 ABIN DA FAIFAI YA NUNA

Sheldon Stern, wanda ya yi aikin masanin tarihi a ɗakin ajiyar Kennedy da ke Boston fiye da shekara ashirin daga 1977, yana cikin mutanen farko da suka saurari faya-fayan baki ɗaya, ya kuma bayyana abin da ya ji a littattafansa na 2003 da 2012. Game da batu na farko, faifan ran 16 ga wata ya nuna Robert Kennedy yana karkata ga mamaye Kyuba gaba ɗaya, har yana tambaya ko za a iya ƙirƙiro wani dalili, irin nutsewar jirgin ruwan Maine da ya jawo yaƙi da Sifen cikin 1898. Wanda ya fi nacewa a kan hujjar Pearl Harbor a taron shi ne George Ball na ma'aikatar harkokin waje. Gaskiya ne Robert Kennedy ya karɓi hujjar ran 18, ya kuma kare ta daga baya, kuma adalci ne a faɗi haka. Aibin littafin shi ne ya ɗauki matsayin da mutum ya isa gare shi a kwana na uku, ya mai da shi kamar da shi ya tashi.

Game da batu na biyu, faifan ran 27 ya nuna shawarar amsa wasiƙar farko ta fito daga bakuna da dama, da McGeorge Bundy da Sorensen da Llewellyn Thompson, tsohon jakada a Mosko. Abin da ya fi muhimmanci kuma shi ne, shugaban da kansa bai amince dabarar za ta wadatar ba. Sau da yawa ya dawo da maganar Turkiyya, yana cewa duk mai hankali zai ga musayar adalci ce, kuma ba zai iya bayyana wa duniya dalilin shiga yaƙin ƙare-dangi saboda makamai 15 da suka riga suka tsufa ba. Kusan dukan mashawartan, har da ƙanensa, sun ƙi, suna tsoron ɓaraka a cikin ƙawancen NATO. Abin mamaki a nan shi ne, littafin da aka rubuta don girmama John Kennedy ya tauye masa ainihin abin yabonsa, watau tsayuwarsa kusan shi kaɗai a kan sassauci, ya rarraba yabon ga kwamitin da ya saɓa masa.

5.0 SIRRIN MAKAMAN TURKIYYA

Batu na uku shi ne ƙashin bayan wannan tarke. Da yammacin 27 ga wata, bayan babban taro ya tashi, shugaban ya keɓe da mutum takwas a ofishinsa. A nan Dean Rusk, Sakataren Harkokin Waje, ya ba da shawarar a tabbatar wa Dobrynin cewa za a kwashe makaman Turkiyya in rikicin ya wuce, da sharaɗin maganar ta zauna a asirce. Aka yarda, aka kuma ɗaure cewa ba wanda zai faɗa. Mataimakin Shugaba Lyndon Johnson ba ya cikinsu. Robert Kennedy ya isar da saƙon, ya ambaci wata huɗu ko biyar. Da Khrushchev ya aiko da wasiƙar asiri yana son a tabbatar da wannan a rubuce, sai Robert Kennedy ya mayar wa jakadan da ita ran 30 ga wata, ya ƙi karɓa. Cikin Afrilu 1963 aka kwashe makaman.

A lura da abin da ya faru ga taska a nan. Ba wuta ce ta ci takardar ba, ba gara ba ce. Da gangan aka hana ta shiga. Manazarcin da ya bincika fayil bai ga yarjejeniya ba, sai ya ce babu ita, alhali kuwa rashin takardar wani ɓangare ne na yarjejeniyar. Sa'an nan shaidar baka ta zo ta ƙara toshe ƙofar. Cikin farkon 1963 Robert McNamara, Sakataren Tsaro, da Rusk sun shaida wa kwamitocin Majalisa cewa ba a yi wata musaya ba. Littattafan Sorensen da Arthur Schlesinger na 1965 sun tafi a kan haka. Har ma cikin Disamba 1962 wata maƙala a mujallar Saturday Evening Post, wadda ɗaya daga marubutanta aminin shugaban ne, ta zargi Adlai Stevenson, wakilin Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, da son miƙa wuya irin na Munich cikin 1938, don ya ba da shawarar musayar sansanoni a cikin taro. Aka ci mutuncin mutum a fili a kan kwatankwacin abin da aka aikata a ɓoye.

Cikin 1982 shida daga tsofaffin mashawartan suka amsa a mujallar Time cewa an ba da tabbaci, amma suka dage cewa ba ciniki ba ne. Sai cikin Janairu 1989, a wani taro a Mosko, da Dobrynin ya nuna rashin gamsuwarsa da yadda Amurkawa ke ba da labarin, Sorensen ya fito ya ce kundin Robert Kennedy ya bayyana ƙarara cewa makaman Turkiyya na cikin yarjejeniyar, kuma shi ne ya gyara wurin tun da a lokacin sirri ne. Shekara ashirin ke nan bayan fitowar littafin.

Wannan ɓoyo ya wuce gardamar malamai. Darasin da aka koya wa jama'a da shugabannin baya shi ne, Amurka ta tsaya ƙyam, abokin gaba ya tsorata ya ja da baya, ba tare da an ba shi komai ba. Wasu masana na ganin wannan gurguwar fahimta ta sa sassauci ya zama abin kunya a siyasar ƙasar, ta kuma yi tasiri a kan yadda aka tafiyar da yaƙin Biyetnam. Ko an yarda da iyakar wannan tasiri ko ba a yarda ba, tabbas ne cewa wanda ya gaji kujerar cikin 1963 ba a sa shi cikin sanin yadda aka kashe wutar ba.

6.0 IYAKAR FAIFAI

Kada wani ya ɗauka daga abin da ya gabata cewa faifai shi ne alƙalin da ba ya kuskure. Na farko, na'urar Kennedy ba ta tashi da kanta, kamar yadda ta Nixon ke yi in ta ji sauti. Shugaban ke murɗa makunni in ya ga dama. Saboda haka shi ya zaɓi abin da za mu ji, kuma ya san ana ɗauka, yawancin mashawartansa kuwa ba su sani ba. Mai sauraro ya kamata ya riƙa tuna cewa ɗaya daga masu maganar yana iya kasancewa yana yi wa tarihi jawabi. Na biyu, tarurrukan da aka yi a ma'aikatar harkokin waje sa'ad da shugaban ba ya gari ba su shiga faifai ba, haka taron ran 20 ga wata inda aka yanke shawarar datse teku, haka kuma keɓewar nan ta yammacin ran 27. Ke nan shawarar da ta fi kowace nauyi ba a san ta ba sai ta bakin mahalarta, musamman bayanin Bundy a littafinsa na 1988. Na uku, faifan yana da hayaniya, muryoyi na hawa kan juna. Da Ernest May da Philip Zelikow suka buga rubutaccen kwafi cikin 1997, Stern ya nuna cikin 2000 cewa akwai kurakurai masu sauya ma'ana, wani wurin ma an ba wani maganar wani. Cibiyar Miller ta Jami'ar Virginia ta fito da gyararren bugu cikin 2001. Juya murya zuwa rubutu shi ma fassara ce, mai fassara kuwa ɗan Adam ne.

7.0 GURFANAR DA SHAIDA

Abin da ya warware ƙullin shi ne haɗa shaidu wuri guda. Daga 1987 zuwa 1992 James Blight da abokan aikinsa sun shirya jerin tarurruka, daga Florida zuwa Mosko zuwa Habana, inda aka zaunar da tsofaffin jami'an Amurka da Sobiyet da Kyuba, ga manazarta a gefe, ga takardun da aka buɗe a gaban kowa. A irin wannan zaure mutum ba ya faɗin son ransa ya wuce, domin wanda suka yi abin tare yana zaune yana ji. Furucin Sorensen a nan ya fito, rahoton da Dobrynin ya aika Mosko a daren ganawar kuma, da aka buɗe shi bayan rushewar Tarayyar Sobiyet cikin 1991, ya ƙarfafa shi.

Misalai biyu za su nuna cewa ko a nan sai an tace. Cikin 1987 Rusk ya aiko da wasiƙa yana cewa shugaban ya shirya, in komai ya ƙi, a sa U Thant na Majalisar Ɗinkin Duniya ya gabatar da musayar a fili ta hannun Andrew Cordier. Labarin ya dace da halin da faifai ya nuna, amma Cordier ya rasu cikin 1975, shugaban ma ya rasu, shaidar mutum ɗaya ce bayan shekara 25, don haka matsayinta bai kai na furucin Sorensen ba. Haka kuma a Habana cikin Janairu 1992 Janar Anatoly Gribkov ya bayyana cewa akwai ƙananan makaman ƙare-dangi na fagen fama a Kyuba, abin da mashawartan Kennedy ba su san girmansa ba. Takardun Rasha sun tabbatar da samuwar makaman, har sun nuna sun fi yawan da ya ambata. An kuma tabbatar cewa sojojin Sobiyet a tsibirin sun haura 40,000, alhali Amurka na ƙiyasin kimanin 10,000. Amma da'awarsa cewa kwamandan da ke can yana da izinin harba su ta gamu da saƙonnin Mosko da suka hana yin haka sai da umarni. Baki ya buɗe ƙofa, takarda ta gyara lissafi.

8.0 KAMMALAWA

Bisa ga abin da aka gani, hukuncin wannan takarda a kan Thirteen Days shi ne, littafi ne mai daraja a matsayin shaidar abin da gidan Kennedy ke so a sani cikin 1967 zuwa 1969, da kuma irin fargabar da mahalarta suka ji. A matsayin labarin wanda ya ce me, da yadda aka kashe rikicin, bai kamata a jingina da shi ba sai faifai ko takarda ta mara masa baya. Haka hukuncin ya ke ga hirarrakin 1964. Shi ma faifan ana karɓarsa ne da sanin wanda ke riƙe da makunni.

Wannan darasi bai tsaya ga Amurka ba. Mu da ke tattara tarihin sarautu daga bakin dattawan fada, muna kuma karanta rahotannin jami'an mulkin mallaka a taskar takardu ta Kaduna, tambayoyinmu ɗaya ne da na mai nazarin fadar Kennedy. Wa ya yi maganar, yaushe, a gaban wa, kuma me zai samu ko ya rasa? Wa ya ajiye takardar, wa kuma ke da ikon hana ta shiga? In ƙasar da ke da na'ura a ƙarƙashin teburin shugabanta ta yi shekara 26 kafin a furta gaskiyar ganawa guda, to lalle mu da ba mu da faifan majalisar sarakunan da suka shuɗe mun fi bukatar mu ji ta bakin gida fiye da ɗaya kafin mu rubuta cewa ga abin da ya faru.